Sun Wanke Kaset ɗin Chencho

Sunana Herminia Olvera, kuma ban yafe ba. Na faɗa wa farfesan a ofishinsa, na faɗa wa matar ɗakin kwamfuta, na faɗa wa jikata Araceli a kicin ɗina tana kuka. Duk mai shirin zuwa mini da maganar haƙuri, ya ajiye ta a bakin ƙofa kafin ya shigo.

Kaset guda ɗaya ne. Mijina Crescencio, wanda kowa ke kira Chencho, shi ya yi shi lokacin muna zaune a ɗakin kwano a bayan gonar inabi a Earlimart. Daga ni har shi ba mai iya rubutu. A lokacin idan kana son magana da 'yan'uwa a Zacatecas, can ƙasar da muka baro, rikoda kake ara, ka zauna ka zuba abin da ke cikinka, ka ba mai tafiya gida ya kai. Chencho ƙanensa Melquiades ya yi wa, yana hana shi zuwa. Ya ba shi labarin yadda ake biya da akwatin inabi ba da yini ba, yadda ɗan kwangila ke duba akwatinka ya ce bai cika ba, yadda gwiwar mutum ke riga shi mutuwa. Ba a aika kaset ɗin ba. A makon ne 'yarmu Graciela ta kwanta da zazzaɓi, kuma kafin a gama tsinkar inabin shekarar mun binne ta. Shekararta huɗu. Chela muke ce mata. Ba ta da hoto ko ɗaya, don muna ta cewa sai an yi biya za mu kai ta wurin mai hoto.

Sai da sanyi ya shigo na tsinci kaset ɗin a cikin kwalin kaya. Na saka don in ji ko akwai waƙa a ciki. Chencho na ta surutunsa, a bayansa kuma duk gidanmu yana nan. Ga ƙarar kasko ina soya albasa, ga karen maƙwabta, ga ƙofar kwano iska na buga ta. Can ƙasa da duk wannan, wata siririyar murya tana rera wani abu da ba shi da kai ba shi da gindi. Sai ta tsaya ta ce, "Amá, zo ki gani, kaza ta shiga takalmin Apá." Ni ce Amá, ubanta kuma Apá. Sai Chencho ya ce, "Sarauniyata, a yi mini shiru mana, ina magana." Ta ƙyalƙyale da dariya, shi ma ya yi dariya, ya koma kan maganar akwati.

Shi ke nan. Bai kai tsawon shan kofin ruwa ba. Muryar ma ba kowa zai gane ta ba, in ba ka san tana wurin ba sai ka ce kyanwa ce ko rediyon wani gida. Amma abin da ya rage mini na Chela ke nan a duniya.

Kowace shekara ranar ɗaya ga Nuwamba, ranar da ƙananan da suka rasu ke dawowa gida, nakan shirya tebur. In zuba furanni masu ruwan lemo, in kunna kyandir, in ajiye alewa da ƙaramin burodi da kofin atole, kunun masararmu, da na fifita don kada ya ƙona mata baki. In rufe ƙofa, in saka kaset. Washegari ranar manya ce, tun da Chencho ya bi ta nake ajiye masa kofi da 'yar giyarsa, amma ba na saka masa kaset. Na sha surutunsa yana raye, ya ishe ni.

Ɗana Rogelio bayan Chela aka haife shi. Shi da 'ya'yansa sun san an yi wata yarinya da ta rasu, sun san sunanta, iyakar ke nan. Ba abin da nake zama in yi hira a kai ba ne. Su a ganinsu kewar tsoho ce ke sa ni rufe ƙofa. Da suka taɓa jin kaset ɗin ta jikin bango, sai suka ɗauka ni ce sarauniyar, suka maƙala mini sunan. Na bar su.

Araceli 'yar Rogelio ce, ita ce ta farko a gidanmu da ta taka jami'a. Abu uku take karantawa lokaci ɗaya, kamar ana korar ta: kwamfuta, da tattalin arziki, da wani da suke kira nazarin Chicano. Na tambaye ta mene ne shi, ta ce mu ne, tarihinmu da wahalarmu. Na ce ashe sai an hau bas an je birni ake sanin ko kai wane ne, ta zo ta zauna a nan ta ɓare mini barkono in faɗa mata kyauta. Ta ce ai da ni ce farfesa da ba ɗalibin da zai ci jarrabawa. Haka muke da ita. Ina son yarinyar, wannan ma yana cikin abin da ke cin raina.

Kaset ɗin ya tsufa, wannan gaskiya ne. Muryar Chencho ta fara lilo kamar ta mashayi, sau ɗaya ma rikodar ta tauna zaren, da fensir na mayar da shi. Araceli ta gani. Ta ce a sashensu suna tara muryoyin ma'aikatan gona, suna zuba su a kwamfuta inda ba sa ruɓewa. Ta ce aikinta na kammala karatu ke nan, ya haɗa mata duka ukun, ga tarihi, ga maganar biyan ma'aikata, ga aikin na'ura. Ta ce in na bar shi a aljihun tebur, wata shekara zan saka in ji shiru. Tsoron wannan shirun ya sa na ba ta. Na naɗe shi a kyalle, na ce ta riƙe shi kamar ƙwai, kuma duk abin da ke ciki nake so, duka. Ta ce, "Kaka, ko tarinsa ba zan bari ya ɓace ba."

Ta dawo bayan an yi hutu, fuska sai sheƙi, ta ajiye wayarta a kan tebur ta danna. Chencho ya shigo kicin ɗina. Ban taɓa jin sa haka ba tun yana da baƙin gashi, murya garau, kamar in juya in ce masa ya cire takalmi. Araceli na kallona tana jiran yabo. Ni kuwa ina jiran kasko. Babu kasko. Babu kare, babu ƙofa. Kamar an ɗauke shi daga gidanmu an tsayar da shi a cikin rijiya. Aka zo wurin. Ya ce, "Sarauniyata, a yi mini shiru mana, ina magana." Ba wanda ya yi magana kafin nan, ba wanda ya yi dariya bayan nan. Shi kaɗai ya yi dariyarsa kamar taɓaɓɓe.

"Ina sauran?" na ce.

"Wane saura, Kaka?"

"Na bayansa."

Ta ce hayaniya ce, ta wanke ta. Ta shiga yi mini bayani da murna, wai akwai wata dabara a kwamfuta da ke gane muryar mai magana, ta riƙe ta, ta zubar da duk abin da ba ita ba. Wai ta yi makonni tana gyarawa, har farfesa ya nuna wa sauran ɗalibai aikinta. Na ce ta ba ni wanda ba a wanke ba. Ta ce wancan yana kan kwamfutar ɗakin aiki, kuma idan zango ya ƙare goge su ake yi duka don sababbin ɗalibai. Ita mai kyan ta ajiye. Na ce to ba ni kaset ɗina. Nan murnar ta fara sauka. Ta ciro shi daga jaka, yana cikin kyallena. Ta ce ya jure wucewa ɗaya ne kawai a cikin na'urar, garin da ke jikin zaren ya zube. Na ja zaren na ɗaga shi wajen taga. Ina ganin itacen lemon maƙwabta ta cikinsa.

Na faɗa mata wace ce sarauniyar. Ban yi ihu ba, a tsaye na faɗa, ina riƙe da bakin tebur. Sai na ga leɓenta na motsi. "Ranar ɗaya kike sakawa," ta ce a hankali. "Ba ranar biyu ba." Ta san bambancin ranakun nan, har takarda ta taɓa rubutawa a kansu. Ta toshe baki da hannu. Da ta samu numfashi ta tambaye ni me ya sa ban faɗa mata ba. Na ce na faɗa, na ce duka. Wanda aka ba amanar gida ba ya zubar da kaya don bai san amfaninsu ba.

Na hau bas na tafi jami'ar da kaina. Na sa baƙar rigata ta coci. Farfesa Balderas shi ne shugaban aikin, mutum mai furfura a gemu, bangon ofishinsa cike da hotunan ma'aikatan gona sun ɗaga hannu sama. Ya miƙe tsaye yana ta girmama ni, Doña Herminia kaza, Doña Herminia kaza, ya jawo mini kujera, ya kawo kofi a kofin takarda. Ya ce shi ma mahaifiyarsa auduga ta tsinka. Na ce Allah ya ji ƙanta, amma ba wurinta na zo ba. Ya ce muryar Don Crescencio ta zama abin koyarwa, har a ajin tattalin arziki ana saka ta, ɗalibai na jin yadda biyan akwati yake daga bakin wanda ya ɗauki akwatin. Wai yanzu ba za a manta da shi ba. Na ce Chencho yana da hoto, yana da ɗa, yana da jikoki masu irin hancinsa, ba wanda ke shirin manta shi. Wadda ba ta da komai ita suka share.

Idonsa ya kawo ruwa. Wannan ya ƙara ɓata mini rai, don ni faɗa na zo yi, kuma ba a faɗa da mai kuka.

Ya kai ni ƙasan ginin, wurin wata mata mai suna Avakian da ke kula da kwamfutocin. Ita kam ba ta yi mini daɗin baki ba, shi ya sa ita kaɗai nake ɗan gani da mutunci. Ta zauna ta bincika ina tsaye a kanta. Ta buɗe wannan, ta buɗe wancan, ta kira wani a waya. Daga ƙarshe ta cire tabarau ta ce da gogewa kawai aka yi da akwai ɗan fata, amma tun daga lokacin an zuba aikin ɗalibai a kai, an goge, an sake zubawa. Na tambaye ta wa ya ce a goge. Ta ce ƙa'ida ce, wuri ba ya isa, wanda aka kammala kawai ake ajiyewa. Na ce wa ya kafa ƙa'idar. Ta ce kwamiti. Na ce a nuna mini ofishin kwamitin. Ta ce ba shi da ofis, waɗanda suka zauna ma wasu sun yi ritaya. Na zo da hannu biyu neman kwalar da zan shaƙe, duk ginin nan mai hawa-hawa ba kwala ko ɗaya.

Na koma wurin Balderas na ce tun da ba za su mayar mini da 'yata ba, su cire mijina daga ajinsu. Ya ce haƙƙina ne, yau ma za a cire. Sannan ya ce ya kamata in sani, aikin Araceli gaba ɗaya a kan wannan muryar yake tsaye. In an cire ta sai ta faro wani daga tushe, kuma tallafin da take karatu da shi ba zai jira ta ba. Ba barazana yake yi ba, na san mai barazana in na gan shi. Gaskiya ya faɗa. Ya ce za su iya rubuta sunan Graciela a ƙarƙashin muryar, kowa ya gani. Na ce sunanta na rubuce a kan dutse tun kafin ya fara gemu, ba suna na rasa ba.

A bas ina dawowa na yi ta juya abin. Duk inda na ɗaga hannu zan kai mari, fuskar Araceli nake tararwa. Na bar musu Chencho.

Yarinyar ta rame. Ta daina tsokanata, ta koma shigowa kamar baƙuwa, ta wanke kwanukan da na riga na wanke. Rogelio ya zo ya ce, Amá, yarinya ce, ba da gangan ta yi ba, ki duba ta. Na ce na san ba da gangan ba ne, zazzaɓin ma ba da gangan ya zo ba.

Da Oktoba ta kama, sai ta zo da kwamfutarta ta ce akwai wata hanya. Wai yanzu na'ura na iya ƙera murya. In na faɗa mata kalmomin, na kwatanta yadda muryar take, za ta yi ta gwadawa har a dace. Na ce ta ɗauke mini wannan abin daga kan tebur, 'yata ba 'yar tsana ba ce da za a ɗinka wata. Ta ɗauke. Amma furanni sun fara fitowa a kasuwa, maƙwabta sun fara share kaburbura, ni kuwa ina kallon aljihun tebur. Da bakina na kira ta na ce ta dawo da shi.

Da rana muke zama, bayan ta taso daga aji. Ta danna, wata yarinya ta ce, Amá, zo ki gani, kaza ta shiga takalmin Apá. In ce a'a, wannan ta yi girma. Ta danna wata. Wannan ta cika zaƙi, Chela muryarta na da ɗan kaushi, kamar mai mura. Ta danna wata. Wannan 'yar birni ce, ba ta taɓa ganin kaza ba. Araceli na rubutawa, tana murɗa wani abu, tana tambaya, ta fi siriri ko ta fi kauri, tana jan ƙarshen magana ko tana yankewa. Yara suka yi ta shigowa kicin ɗina suna kirana Amá, ba ɗaya da na haifa. Wata rana ta danna wata, sai na ce tsaya. Ta sake sakawa. A karo na biyu ban tabbata ba. A na uku na ce ba ita ba ce. Araceli ta ce to me ya bambanta. Na nemi bambancin a kaina, na rasa shi.

Da ta tafi na zauna a bakin gado, rana na shigowa ta labule, na rufe ido na kira Chela yadda na saba. Shekara da shekaru ko ba kaset ina iya jin ta, ina wanke-wanke, ina layin asibiti. Na kira. Aka amsa, amma ta cikin kwamfutar ce. Na kore ta na sake kira, wata ta zo, ita ma tasu ce. Kalmomin na nan, kazar na nan, takalmin na nan da igiyarsa a kwance. Muryar ce ta shige cikin taron yaran nan, na kasa tsamo ta.

Washegari na gaya wa Araceli a daina. Ta tambayi dalili, ban faɗa mata ba. Nauyin da ta riga ta ɗauka ya ishe ta.

Na sake zuwa jami'ar bayan haka, zan kuma sake zuwa. Balderas na ganina yake miƙewa, ya jawo kujera, ya ce me za mu yi miki, Doña. In ce ku mayar. Ya sunkuyar da kai. In zauna har kofin ya huce, in tashi. Na san ba abin da zai fito daga ciki. Amma ba zan bari su riƙa wucewa ta gaban hotunan nan na bango da sakakkiyar zuciya ba.

Ranar ɗaya ga Nuwamba na shirya tebur kamar kullum. Na fifita atole. Ba ni da abin sakawa, ban kuma iya wayar ba, dole na kira Araceli. Ta zo da furanni, ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta miƙo mini wayar daga nesa, don ta san ba a shiga. Na ce ta shigo, wa zai danna mini. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

Chencho ya fara. Melquiades, kada ka zo. Akwati, ɗan kwangila, gwiwa. Na ƙyale shi ya yi ta yi. Sai ya ɗan tsaya, kamar mai sauraron wani abu a bayansa. Ban taɓa lura da wannan tsayawar ba, da can cike take. Sannan ya ce a yi masa shiru, ya jira, ya yi dariya. Harshen kyandir bai ko motsa ba.

"Mayar baya," na ce.

"Zuwa ina, Kaka?"

"Inda ba komai."

Ta mayar. Muka saurara.